Takin Zamani: Ƙarancin da Ya Sauya Mazauni

A ƙarni na 19, gonakin Turai sun dogara ne da kashin tsuntsayen teku da ake kwasowa daga tsibiran Peru, daga baya kuma da wani gishirin ƙasa da ake haƙowa a hamadar Atakama. Darajar gishirin ta kai har Chile ta gwabza yaƙi da Peru da Bolibiya daga 1879, ta ƙwace yankin. A 1898 masanin Ingila William Crookes ya yi gargaɗi cewa idan ma'adinin ya ƙare, alkama za ta gaza ciyar da jama'a.

Yunwar ba ta zo ba. A 1909 Bajamushe Fritz Haber ya gano hanyar kamo sinadarin naitirojin daga iskar da muke shaƙa don yin taki, Carl Bosch ya mayar da dabarar sana'a, kamfanin BASF ya buɗe masana'anta a Oppau a 1913. Abin takaici, yaƙin duniya na ɗaya ne ya ingiza aikin, domin an toshe wa Jamus hanyar teku ga shi tana buƙatar sinadarin don haɗa albarusai. Mutanen duniya sun tashi daga kusan biliyan 1.6 a 1900 zuwa biliyan 8 a 2022, kuma masana na kiyasin kusan rabinsu da abincin wannan taki suke rayuwa.

Chile ce ta ji jiki. Shekara da shekaru kusan rabin kuɗin shigar gwamnatinta daga harajin gishirin yake fitowa. Ma'adinin bai ƙare ba, kasuwarsa ce ta mutu, garuruwan mahaƙa irin su Humberstone suka zama kufai. Duk ƙasar da ta ɗora cikinta a kan fetur ko yuraniyom ya kamata wannan ya hana ta barci.

Sai dai kuskure ne a ce fasaha ta kashe ƙaranci. Mazauni kawai ta sauya masa. Takin yuriya da iskar gas ake yin sa, shi ya sa da Rasha ta mamaye Yukren a 2022 gas ya yi tsada, farashin buhu ya yi tashin gwauron zabi har a kasuwannin Funtuwa da Maraɗi. Shi kuwa takin fosfet ba a kamo shi daga iska, dole a haƙo, kuma mafi yawan ajiyarsa a duniya tana hannun Maroko.

Najeriya na da gas, tana kuma da masana'antar Dangote da aka ƙaddamar a Legas a 2022, mai ƙarfin tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Duk da haka ƙaramin manomi yakan raba buhu ɗaya ga gonar da ke neman uku. Matsalarmu ta tashi daga rashin taki ta koma tsadar sufuri, faɗuwar naira da rashin rance kafin damina, kuma waɗannan aikin hukuma ne.