Kalmar "Layi" da Ma'anoninta

Ya kai ɗalibi, akwai kalmomin da Hausa ta aro daga Turanci, suka zauna daram har ka ɗauka da su aka haife ta. Ɗaya daga cikinsu ita ce "layi", wadda ta fito daga "line". Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, shi ya sa aka sauya mata ƙarshe, kamar yadda aka yi wa "bokiti". Jam'inta "layuka".

Ma'ana ta farko ita ce hanyar jirgin ƙasa, wato layin dogo. Idan kana zaune a Kafanchan, ba ka rasa misali ba. Tun shekarar 1927 garin ya zama mahaɗar layuka: ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos, ɗaya kuma ya gangara Fatakwal ta Makurɗi da Inugu.

Ta biyu ita ce ƙaramar hanya tsakanin gidaje ko rumfuna. Misali: "Masu citta suna layi na uku a kasuwa."

Ta uku ita ce jerin mutane masu jiran abu. Misali: "Mun bi layi a banki tun safe."

Ta huɗu ita ce zane miƙaƙƙe a kan takarda. Malami yakan ce, "Ku ja layi a ƙarƙashin amsa." Daga nan aka sami salon magana: idan an ja wa mutum layi, an yi masa iyaka ke nan.

Ta biyar sabuwa ce. Bayan zuwan wayar salula Najeriya a 2001, "layi" ta ɗauki ma'anar lambar waya. Misali: "Na kira ka, amma layinka ba ya shiga."

Sai dai ka yi hattara da abu biyu. Akwai wata "layi" ta Hausa mai nufin tangaɗi irin na mashayi. "Yana bin layi" daban yake da "yana layi", kuma kuskure a nan yana iya zama zagi. Haka kuma kada ka ce "layu" a maimakon "layuka", domin "layu" jam'in "laya" ne.

Aiki: Rubuta jimla biyar, kowacce da ma'ana ɗaya ta "layi".