Ko Kun Sani? Malamin Sin da Ya Ce Ba a Buƙatar Sarki

Kimanin shekaru 1,500 kafin Bafaranshen nan Proudhon ya bayyana kansa a matsayin mai ƙin kowace irin hukuma a 1840, wani malamin ƙasar Sin ya riga shi faɗa. Sunansa Bao Jingyan, mabiyin tafarkin Dao, wanda ya rayu wajajen shekara ta 300 Miladiyya. Almajiran Konfushiyas suna koyar da cewa Sama ce ke naɗa sarakuna. Shi kuwa ya ce ƙarfi da wayo ne suka haifi sarauta: mai ƙarfi ya danne rarrauna, mai wayo ya yaudari wanda bai kai shi ba. A ganinsa haraji da aikin tilas da yaƙi duk mulki ne ya kawo su, sai an tatse talaka yake koyon sata. Ba a rasa dalili ba, domin a zamaninsa 'ya'yan gidan sarautar Jin sun yi ta yaƙar juna daga 291 zuwa 306. Saura kaɗan da ba mu san shi ba: maganganunsa sun tsira ne kawai saboda abokin hamayyarsa, Ge Hong, ya kwafo su cikin littafinsa Baopuzi don ya ƙaryata su.