Lalle, Daka da Na'urar Ɗaukar Zanen Yatsa

Iyayenmu mata masu cin kasuwa daga Hawandawaki har Tasawa, ba mu manta layin da aka sha ba tsakanin 2019 da 2020, lokacin da hukumar CENI ta yi rajistar masu zaɓe da hoto da zanen yatsu. Masu ajiya a bankunan Najeriya kuwa tun 2014 suke dangwala yatsa don lambar BVN.

To, na'urorin ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ɗaukar hoton yatsa da haske ta cikin gilashi, akwai mai jin tudu da kwarin fata da lantarki, irin ta wayoyin hannu da yawa. Daga nan kwamfuta ke gwada wuraren da layi ya yanke ko ya rabu biyu.

Baƙin lalle yakan rikita mai haske. Mai lantarki ba ruwanta da launi, amma jiƙaƙƙen yatsa na ɗaure mata kai. Yatsan da daka, sussuka da wanki suka cinye kuwa, duka biyun wahala suke sha da shi. Shi ya sa muke ganin dabarar BVAS ta zaɓen Najeriya na 2023 ta fi dacewa da mutanenmu: in yatsa ya ƙi, sai a duba fuska.

Mai shirin zuwa banki dai, ta jinkirta ƙunshi tukuna.