Yadda na samu abokan wasan Dungeons & Dragons a Agege

Littafin dokokin wasan nan ya daɗe a wayata ban buga ko sau ɗaya ba, saboda ba wasan mutum ɗaya ba ne. Ga wanda bai san shi ba, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974. Kamar tatsuniya yake, sai dai masu sauraro su ne 'yan cikin labarin. Mutum ɗaya ne jagora, shi zai ce ga ku a bakin kogo, dare ya yi. Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ƙwaya mai fuska 20, ita za ta nuna ko ya dace ko ya sha ƙasa.

Da farko intanet na nufa. Na samu masu sha'awa, amma wannan yana Lekki, wancan yana Ikorodu. Zama ɗaya kan ci awa uku zuwa huɗu, ga goslon Legas kafin ka isa. Sau biyu muna sa rana, sau biyu ina zama ni kaɗai da lemon da na saya.

Sai na dawo gida. Matasan da ke buga lido da karta a majalisarmu bayan Isha'i, ai su ne 'yan wasan, ba su dai sani ba. Kuskurena na farko shi ne bayani. Na ɗauko dokoki ina karantawa, kafin na ɗago biyu sun koma kallon ƙwallo. Mako na gaba ban karanta komai ba. Na rubuta wa kowa jaruminsa a takarda, na ce: “An sace 'yar sarki, sawun ɓarayin ya nufi daji, me za ku yi?” Nan take gardama ta kaure.

Kada ka nemi taro. Mutum huɗu da jagora sun wadatar, in sun haura shida wasu za su gaji da jiran layi. Ka fara da labarin da zai ƙare a zama ɗaya, wanda ya tambaye ka yaushe za a sake, shi ne naka. Kuma jagorancin kai zai faɗo wa, tunda kai ka kawo.

Sai batun ƙwaya. Wani dattijo ya tsaya a kanmu ya ce, “Samari, caca kuka koma?” Na ce, “Baba, ko sisi ba a sawa, zauna ka gani.” Ya ɗan saurara ya wuce. Amma akwai malaman da ba sa son wasan ƙwaya ko babu kuɗi, kuma ɗaya daga cikinmu a kan haka yake. Ba mu yi jayayya ba, muka rubuta 1 zuwa 20 a 'yan takardu, ana ja daga cikin hula.

Yanzu ranar Lahadi bayan La'asar muke zama, mu tashi kafin Magariba. 'Yar sarkin dai har yau tana hannun ɓarayi, don mutanena sun tsaya cinikin doki.