Yadda Madara Ke Zama Kindirmo

Ƙwayar halitta daga sukari take samun kuzari. Idan akwai iskar oksijin, takan ƙone gulukos ɗaya ƙurmus ta samu kimanin ATP 30, wato sinadarin da take kashewa wajen aiki. Bakteriyar da ke cikin ƙwaryar madara kuwa rabin aiki take yi. Takan fasa sukarin, ta tsira da ATP 2 kacal, saura ya zama asid mai tsami. A 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa rayayyun halittu ne ke wannan aiki. Tsamin ne ke sa madara ta kama, yana kuma danne ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba dukansu ba, shi ya sa ake fara dafa madarar.