Bindigar Kaduna: Ƙirar Gida Ce Ko Haɗi?

Ba yau ba, masu gadi da mafarauta da 'yan tireda a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan sukan yi gardama a kan bindigar da suke gani a kafaɗar soja. Wasu su ce ai a Kaduna ake ƙera ta tun daga baki har gindi, wasu kuma su rantse cewa ɗinki kawai ake yi, kayan duk na Turai ne. To, kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, amma na biyun ya fi rinjaye.

A shekarar 1964 ne Gwamnatin Tarayya, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta kafa ma'aikatar ƙera makamai da ake kira DICON a Kakuri, Kaduna. Wani kamfanin Jamus ta Yamma, Fritz Werner, shi ya gina ta ya kuma kakkafa injuna. Bindigogin farko, watau BM59 da ƙaramar mai sarrafa kanta M12, zanen kamfanin Beretta ne na Italiya. Ashe ke nan tun ran gini, injin na Bajamushe, zane na Ba'italiye, hannu da gumi ne na ɗan Nijeriya.

Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, aiki ya kankama ƙwarai, amma duk da haka sai da aka sayo makamai daga Ingila da Tarayyar Sobiyat. Da yaƙi ya ƙare ciniki ya faɗi, har ma'aikatar ta koma yin kujeru da kayan aikin ruwan ƙauye. Daga baya aka karɓo lasisin bindigar FAL ta ƙasar Beljiyam. A 2006 aka fito da OBJ-006, wadda aka raɗa wa suna don girmama Shugaba Obasanjo, ita kuwa 'yar uwar AK-47 ce ta Rasha. A 2018 aka ƙulla yarjejeniya da ƙasar Folan a kan bindigar Beryl, a Nuwamban 2023 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar ma'aikatar, wadda ta buɗe ƙofar haɗa gwiwa da 'yan kasuwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfe. Bututun bindiga ba da kowane irin ƙarfe ake yin sa ba, sai wanda aka gauraya aka dafa musamman, mai jure zafi da ƙarfin fashewar albarushi sau dubbai ba tare da ya tsage ba. Harsashi kuma yana bukatar tagulla, da dalma, da albarushin zamani, da ɗan maɓallin nan na gindinsa mai tayar da wuta. Ma'aikatar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka ba 'yan Sobiyat kwangilarta a 1979, ita aka sa wa rai, amma babbar tukunyarta ta narka tama ba a taɓa hura ta ba. Saboda haka ko an fere bututu a Kakuri, an sassaƙa ƙota da katakon gida, an buga hatimin Nijeriya, asalin ƙarfen jirgin ruwa ne ya kawo shi. Ran da mai sayarwa ya yi fushi, ko kuɗin musaya ya yi wuya, injin sai ya tsaya. An ga irin wannan fushi a 2014, sa'ad da Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra, ana tsakiyar faɗa da Boko Haram.

Mai karatu zai ce, to bindigar maƙera fa? Ita ce ta fi kusa da ƙirar gida, kuma maƙeran Awka sun yi suna a kanta tun zamanin Turawa. Amma a duba da kyau: bututunta sau da yawa famfon ruwa ne ko sandar sitiyarin tsohuwar mota, sifirin ɗinta ma daga jikin wani inji aka ciro. In ba 'yar toka ba ce mai cin albarushi ta baki, harsashin da ake ɗura mata na kanti ne. Ita kanta 'yar tokar, Turawan fatauci ne suka fara kawo ta ta bakin teku. Ga haɗari kuma, don bututun famfo yakan fashe a hannun mai harbi, kuma dokar makamai ta 1959 ta hana ƙira ko riƙewa ba da lasisi ba. Mai gadin da maigida ya miƙa wa irin wannan ba takarda, shi za a fara kamawa.

Ta ɓarauniyar hanya ma daga waje suke zuwa. A Janairun 2017 'yan kwastan sun kama bindigogi 661 a cikin kwantena nan Ikko, a Satumbar shekarar kuma suka kama wasu 1,100 a tashar jirgin ruwa ta Tin Can, waɗanda aka yi lodinsu daga Turkiyya.