An cire ƙarin, saura kula da hantar da ta rage

Bara mijin wata ƴar ƙungiyarmu ya kwanta. Ciwo ƙarƙashin haƙarƙari na dama, ga rama, abinci ba ya shiga. A Yamai aka yi mishi eko, aka ga ƙari cikin hanta, kansa ce. Allah ya sa guda ne kuma bai yaɗu ba, aka yi aiki aka cire. Mun buɗe asusun agaji, dangi suka saida tumaki. Da ya dawo gida muka yi barka, muka ɗauka an gama. Sai matar ta zo taron mako da takardar likita: magani kullum, awo duk bayan ƴan watanni. Kuɗɗi kuwa sun ƙare. Shi ya sa na bi ma'aikatan lafiya da tambaya, ga abin da na gano.

Kansar hanta ba ta cika tsirowa cikin lafiyayyar hanta ba. A ƙasashenmu, mafi yawa tana biyo bayan hepatit B, ƙwayar cuta da mutum kan ɗauka wajen haihuwa ko tun yana yaro, ta zamna shekaru ba alama. Sannu a hankali tana cin hanta har ta yi tabo ta taurare, abin da likitoci ke ce ma sirozi. Gujiya da masara masu hunhuna suna ƙara haɗarin, don akwai dafi cikinsu mai suna aflatoksin.

Hanta tana da baiwa: in an yanke wani sashe, sauran ya kan girma ya cike gurbi. In lafiya gare ta, ana iya cire fiye da rabi mutum ya rayu. Wadda ta taurare ba ta da wannan ƙarfi, shi ya sa likita ke auna aikin hanta kafin ya yarda ya yi aiki. Mutum biyu masu ƙari girma ɗaya, wanda hantarshi ke da sauran ƙarfi ya fi samun tsawon kwana bayan aiki, da ikon Allah.

Sannan kansar tana komowa. Cikin shekaru 5 bayan aiki, fiye da rabin waɗanda aka yi ma aikin suna sake ganin ƙari. Wani saura ne da ya ɓuya, wani sabo ne da hantar mai ciwo ta sake fiddawa. Kamar ƙuduji ne: kin tuge na bana, amma irin yana cikin ƙasa.

Wannan ba dalilin yanke ƙauna ba ne. Akwai magani, tenofobir, ƙwaya guda kullum. Ba ya kore cutar kwata-kwata, amma yana danne ta, hanta ta huta, haɗarin komowar kansa ya ragu. Ba a tsaida shi don an ji sauƙi, tsaidawa na iya tada ciwon da ƙarfi. Eko da awon jini kan lokaci su ke kama sabon ƙari tun yana ƙarami. Giya babu ita. Jiƙe-jiƙe da magungunan bakin kasuwa ma a kiyaye, don duk ta hanta suke bi.

Ita matar da ɗiyanta biyar sun je awon da ake kira Ag HBs. An samu biyu da ƙwayar, yanzu likita na bibiyarsu. Sauran an yi musu allurar rigakafi. Ku sani, ba a ɗaukar ta a cin tuwo kwano ɗaya ko gaisuwa, kar a ware kowa. Ta jini take bi: aska da reza ta tarayya, haihuwa, da saduwar aure. Mai ciki ta nemi awo, ta kuma tambayi allurar jinjiri ta cikin awa 24 na farko, sannan a cika na sati 6, 10 da 14.

Mu dai mun gyara tsarinmu. Yanzu in ciwo mai tsawo ya samu gidan ƴar ƙungiya, ba mu zuba agajin duka rana guda. Muna raba shi biyu, kashi ɗaya na aiki, ɗaya na magani da kuɗin mota zuwa awo. Kowace ta ƙara dala goma a zubin mako. Ku tattauna wannan a taronku na gaba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.